Mai Feshi a Bakin Galma

Kafin ladanin Maigana ya gyara murya
na riga na goya tankin feshi.
Lita sha shida. Igiyar ta ci kafaɗuna
ta bar min zane biyu, sai ka ce na gado.
Manaja ya ce a ƙara murfi uku kan na jiya,
wai tsutsar bana ta yi karatu,
ba ta jin magani, ba ta jin Allah ya isa.

Ba takunkumi, ba safar hannu.
Tsohon ɗankwalin Lantana na ɗaure hanci da shi.
Iska ta juyo, na shaƙi rabona.
Da dare tuwo ya yi min ɗacin kwalba,
ta ce miyarta na raina.

Dogara, da ya yi aji uku a sakandare,
ya karanta mana rubutun jikin kwalbar:
a jira kwana bakwai kafin a tsinka.
Muka yi dariya har da riƙe ciki.
Motar Legas na bakin titi tun daren jiya,
direba ya shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta yana minshari.
Wa zai tashe shi ya ce masa kwana bakwai?

Da hantsi mata suka shiga kunya-kunya.
Kande da goyon wata huɗu,
ta duƙa, ba ta miƙe ba sai azahar.
Ganyen da na jiƙa da asuba
shi ke shafar ƙafar jaririn.
Kwando ɗaya, ɗari uku.
Yaron manaja ya ƙirga tara,
ita goma sha ɗaya ta sani a ƙugunta.
Ta buɗe baki, ta dubi layin masu jiran gurbinta,
ta rufe.

Jera kwando kuwa ilimi ne.
Mai huji a ƙasa, mai taushi a tsakiya,
jajaye masu sheƙi su zauna a baki
su yi wa dillali murmushi.
Shi ma ya sani. Ya taya rabin kuɗi.
Kowa ya cuci kowa, aka yi musabaha.
Kwando kan kwando har hawa biyar,
kafin Lokoja na ƙasa ya zama ruwa
yana ɗiga a kwalta, ja, ja, ja.

A Galma nake wanke tanki, ina kuma zan je?
Ina yaro, kwaɗi ba sa barin mutum barci a nan.
Yanzu injin ban-ruwa kaɗai ke kuka,
goma sha biyu a jere, kowanne da bakinsa a kogi,
kogin yana ja da baya kamar mai bashi.
Shekaranjiya na ga tarwaɗa uku, ciki sama.
Jaɓɓo ya daina kawo shanunsa mashaya,
bai yi faɗa ba, ya dai daina gaishe ni.

Jiya Yalwa ta kawo min fura a gona.
Shekararta shida.
Na juya in ajiye tanki, na waigo,
ga ja a hannunta, ta kai baki.
Ban san sanda na doke hannun ba.
Tumatirin ya gangara cikin kwari,
ta tsaya tana kallona, ba ta ma yi kuka ba.
Baba, ba namu ba ne?

Namu yana bayan ɗaki,
gindi bakwai, toka da kashin awaki,
ƙanana, karkatattu, tsuntsu ya ɗanɗana wasu.
Dillali ko kyauta ba zai ɗauka ba.
Su Lantana ke jajjagawa.

Wata mata a Legas, ban san sunanta ba,
gobe za ta zaɓi mafi sheƙi,
ta ɗauraye sau ɗaya, ta yanka wa 'ya'yanta.
Na yi tunaninta har tari ya katse ni.
Na tofar, na rufe da ƙasa,
na jingina tankin inda zan lalubo shi cikin duhu.